Bindigar Audu Maƙeri a Gidan Gwanjo

Abu na farko da ƙasar Faransa ta karɓe mini shi ne kilishi. Ko rabin awa ban yi da saukowa daga jirgi ba, wani dogon ma'aikaci ya zuge jakata, ya zaro ƙunshin da yatsu biyu kamar ya ɗauko mushen ɓera, ya saka a kwandon shara ina kallo. Na harhaɗa ɗan Faransancin da na tsinta a bakin iyaka na ce masa tsaraba ce. Ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na haɗiye abin da ya taso mini, amma a raina cewa na yi, ku da kuka fita da bindigar kakana, wa ya zuge muku jaka?

Sunana Lawali, mutumin Illela ne ni, fataucin albasa nake yi. Amma gidanmu gidan maƙera ne, kuma duk manomin da ke tsakanin Amarawa da Ƙonni ya san shaidarmu, ƙafar hankaka da ɗigo uku, wadda ake bugawa a jikin kowace hauya da kowane lauje da ya fito daga maƙerarmu. Kakana Audu Maƙeri ya taɓa ƙera bindiga guda ɗaya tak, irin ta albarushi da dutsen ƙanƙara, tun daga bututu har ƙota, ya yi mata ado da tagulla da azurfa. Tun muna yara abin da muke ji shi ne, wani Bature sojan Faransa da ke zaune a Ƙonni, mai ƙetarowa harbin tsuntsayen dinya a tafkin Kalmalo, shi ya ƙwace ta gab da samun mulkin kai. Kakana ya rasu bai sake ganin ta ba. Babana kuwa ya haura tamanin, idanunsa sun tafi, ya ajiye ƙira, amma bai ajiye maganar bindigar nan ba.

Kwatsam sai Haruna ya turo mini hoto a waya. Haruna ɗan Ƙonni ne, tare muka yi dakon albasa muna samari, yanzu yana Faransa yana aiki da masu kwashe kayan gidan da mai shi ya mutu. Sun je kwashe gidan wani tsoho, ashe ɗan sojan nan ne, ya ga bindiga a rataye a bango, ya matsa ya ga ƙafar hankaka da ɗigo uku. Magada sun kai ta gidan gwanjon tsofaffin makamai, an sa ranar sayarwa nan da wata uku.

Na faɗa wa Baba. Washegari ya sa aka sayar da gonarsa ta Garu. Ni ya zaɓa cikin 'ya'yansa don ni ne ɗan kasuwa. Sannan ya kira ni ni kaɗai ya faɗa mini abin da ko yayyena ba su sani ba: a gindin ƙotar akwai wani fallen tagulla, in ka danna gefensa da babban yatsa zai zame, a ƙarƙashinsa akwai rubutu.

"In ta zan taka, ka buɗe ka diba," in ji shi. "In ba ta zan taka ba, ka bar hannunka aljihu. So nika yi in taɓa ta kahin in mutu, Lawali. Ba ni da wata buƙata bayan wagga."

Zangona na farko Faris ne, babban birninsu, kuma ba zan ɓoye ba, ban ga abin da ake zuzutawa ba. Da Haruna ne zai tarye ni, amma maigidansa ya tura shi aiki wani gari, sai ya kama mini ɗaki ta waya ya ce in jira shi kwana uku. Ɗakin yana hawa na shida, in na buɗe hannuwa ina taɓa bango biyu. Da safe na haɗu da wani mutum a matakala na gaishe shi, ya dube ni kamar na roƙe shi kuɗi, ya raɓa ya wuce. Na gaida na biyu, shi ma haka. Mutane kamar ƙasa a titi, amma ba mai ce maka ina gajiya. A Illela ko jakinka ya yi tuntuɓe sai mutum biyar sun yi maka sannu.

A rana ta biyu ina tsaye ƙofar wani kantin kayan abincin Afirka, ina kallon kuɓewa busasshiya kamar na ga ɗan'uwana, sai na ji daga bayana an ce, "Salamu alaikum, mutanen Sakkwato! Wannan hula ai ba ta ɓuya."

Na juya na ga wani mutum mai ƙiba cikin kwat, da carbi a hannu. Ya ce sunansa Alhaji Bala, shekararsa goma sha biyar a ƙasar. Wallahi na kusa hawaye don jin Hausa. Ya ja ni wurin shan shayi, ya tambaye ni gida, ya tambayi ruwan bana. Ni da ko ƙanena ba ya sanin nawa na sayi buhu, na zauna na zazzage wa baƙo cikina tas, har da gonar Garu.

Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya so ka da ka gamu da ni. Ai baƙo ba ya tayi a gwanjon makamai sai da takardar lamuni mai hatimi. Da ka je haka, a ƙofa za su koro ka. Amma bari, ina da mutum."

Ya karɓi abin da ya kai kuɗin buhun albasa ashirin a lokacin tsada. Washegari ya kawo mini takarda mai hatimi uku, ya rungume ni, ya yi mini addu'a mai tsawo. Har rakiya na yi masa.

A rana ta uku Haruna ya bugo ya ce aikin ya riƙe shi, in hawo jirgin ƙasa in same shi a garinsu, can kudu, inda gidan gwanjon yake. Na hau da ƙyar, na zauna a kujerar da ba tawa ba, wani saurayi ya tashe ni da tsawa kamar na shiga gonar ubansa. Na tsaya a tsakiyar tarago da jaka a hannu ban san inda zan nufa ba. Sai wata tsohuwar Baturiya, ƙanƙanuwa, ta miƙe ta karɓi tikitina ta duba, ta kama hannun rigata ta ja ni tarago biyu har ta zaunar da ni a wurina. Ta koma, can kuma sai ga ta da burodi da wani cuku mai warin takalmi. Na cinye tas don kada ta ji kunya. Na so a ce duk mutanen ƙasar mugaye ne, don fushina ya zauna daidai, amma tsohuwar nan ta ɓata mini lissafi.

Haruna ya tarye ni a tasha. Ya rame, furfura ta fito masa, amma dariyarsa tana nan. Ɗakinsa su uku ne a ciki, shi da wasu 'yan Mali biyu, ya bar mini katifarsa ya koma ƙasa. Ya tuƙa tuwon semo da miyar kuka, na ci har na ji kunyar kaina. Bayan mun wanke hannu na zaro takardar Alhaji Bala da alfahari na miƙa masa.

Ya karanta sama, ya karanta ƙasa. Ya fara dariya, sai ya dubi fuskata ya daina.

"Lawali, wa ya ba ka wagga?"

"Wani mutumin kirki, Bahaushe ɗan'uwanmu. Mi an na?"

"Takardar neman shiga wurin iyo ta. Inda yara ka koyon ninƙaya. Gwanjo ba su son komi sai fasfo da ɗan kuɗin ajiya."

Na buga lambar mutumin, a kashe. Na sake bugawa har yatsana ya gaji. Baturen da ya zubar mini da kilishi aikinsa yake yi, wannan kuwa da sallama ya zo mini, da carbi, da harshen uwata. Har yau in na tuna na raka shi har bakin titi ina godiya, sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar Lahadi ta same ni a ɗakin nan, ranar kasuwarmu. Na zauna bakin taga ina kallon titi fayau, kantuna a rufe, ruwan sama siriri yana zuba ba ƙarfi ba ƙarewa. Na san a daidai lokacin nan motocin Ƙonni sun cika tasha, masu canji suna kaɗa sefa, ana ta ihu a kara wurin cinikin dabbobi, warin albasa ya cika ko'ina. Ban taɓa sanin ana kewar warin albasa ba.

Haruna ya zaunar da ni ya buɗe littafin gwanjon, wanda ake buga hotunan kaya da kimar da ake tsammani. Bindigarmu tana can kusa da ƙarshe, hotonta ƙarami, bayaninta layi biyu. Sun rubuta ba a san maƙerinta ba. Kimar da suka sa mata kuwa, duk da abin da Alhaji Bala ya yage, kuɗin da ke jikina ya ninka ta sau uku. Haruna kuma ya riga ya binciko mini yadda ake samun takardar fita da ita a matsayin kayan tarihi.

"Ba su san abin da ag gare su ba," in ji Haruna. "Gobe ranar dibin kaya ta. Ka diba, ka yi kurum, mu hito. Jibi ka ɗauki abinka."

Na ce masa ni zai koya wa kasuwa?

Gidan gwanjon wani tsohon gini ne mai darduma mai laushi. Tebura jere, an shimfiɗa musu koren ƙyalle, an jera bindigogi da takubba da sulke, kowanne da lambarsa a rataye. Tsofaffin Turawa suna yawo da madubin ƙara girma, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Ba a taɓa komai sai an ba ka farar safar hannu. Tamu tana can lungu, kusa da ƙofar bayi, an haɗa ta da mashi guda biyu da tsohon kwarin kibau.

Na gane ta tun daga nesa, ni da ban taɓa ganin ta a zahiri ba. Doguwa, siririya, tagullar ta yi duhu, azurfar tana bin ƙota kamar zanen ƙwarya. Na sa safa na ɗaga ta. 

A gidanmu akwai abin da ba a tsallakewa. Ba a ɗaga aikin maƙeri a ajiye ba a ambaci sunansa an yi masa addu'a ba, ko da wuƙar yankan kuɓewa ce. Da shi aka yaye mu. Ban yi shawara da kaina ba, bakina ne kawai ya ce, "Aikin Audu Maƙeri, Allah shi jiƙan shi."

Ashe masanin gidan yana tsaye kusa da mu, wani gajere mai sanƙo da tabarau a kan hanci, wanda shi ke rubuta bayanin kaya. Ya tambayi Haruna me na ce. Haruna ya ce wai na ce tana da nauyi. Mutumin ya yi murmushi, ya matso, ya fara bayani cikin fara'a, yana nuna bututun da alƙalami. Faransancina na kasuwa ne, amma kunnena ya kama abin da ya kama.

"Mi yac ce?" na tambayi Haruna.

"Ba komi. Aje ta mu tahi."

"Haruna, mi yac ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya ce bututun aikin Turai na, irin wanda anka riƙa kai muna da. Wai mutanenmu ba su iya ƙera bututu ba, tagulla kawai sunka iya liƙawa. Wai ko ita ba su liƙa ta daidai ba."

To, ni ɗan kasuwa ne. Na sha tsayawa kan albasar da raina ke mutuwar so, in ɗaga ɗaya in yatsina fuska in ce ta sha ruwa. Mai saye kushewa yake yi, kowa ya san wannan. Ga shi yau mai kayan da kansa yana kushe mini kayansa kyauta, a gaban masu saye. Abin da ya kamata in yi shi ne in gyaɗa kai in ce gaskiyarka, in ajiye, in fita ina hamdala. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Amma ina riƙe da aikin da kakana ya yi shekara biyu yana yi, wanda ya narka tama da hannunsa ya naɗe ƙarfen a jikin sanda yana dukan sa falle bisa falle, ga wani da bai taɓa riƙe awartaki ba yana cewa ba mu iya ba. Kaina ya ɗau zafi har kunnuwana suna ƙara.

"Hwaɗa mashi ƙarya shika yi," na ce.

"Lawali, don Allah."

"Hwaɗa mashi! Ko in hwaɗa da kaina."

Haruna ya taka mini ƙafa, na janye. Na juya bindigar na nuna wa mutumin layin da ke murɗe a jikin bututun, siriri kamar gashi, inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Na ce injin Turai ba ya barin wannan, masaba, gudumar maƙeri, ita ke barin sa. Na nuna masa ƙafar hankaka na ce har gobe ana buga ta a gidanmu. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce labari ne mai daɗi, amma su da hujja suke aiki, kowa yana iya zuwa ya ce kakansa ne.

Wannan kafaɗar da ya ɗaga ita ta ƙarasa ni. Na cire safar, na ɗora babban yatsana a gefen fallen tagullar, na danna. Shekara sittin da wani abu ba wanda ya taɓa shi, amma ya zame sumul kamar jiya aka shafa masa mai. A ƙarƙashinsa ga rubutun ajami an sassaƙa a jikin ƙarfe. Na karanta da ƙarfi, duk ɗakin suna ji: aikin Audu Maƙeri na Illela, tamar ƙasarmu, wutar gidanmu. Sai shekarar da ya gama ta.

Tabarau ya kusa faɗo wa mutumin. Ya kira wani, wani ya kira wani. Aka kawo fitila, aka kawo abin ɗaukar hoto. Tsofaffin nan masu madubi suka baro teburansu suka kewaye mu. Masanin ya zaro littafi yana tambaya yana rubutawa, ni kuwa ina ta zuba: yadda ake narka tama, yadda ake naɗe bututu, waye Audu, waye ubansa. Haruna yana fassarawa da murya kamar ta mai karanta wasiyya. A ƙarshe mutumin ya cire tabarau ya ba ni haƙuri a gaban kowa. Na fito ina jin kaina a sama.

Da muka kai wurin jiran bas, Haruna ya juyo ya dube ni.

"Ka san abin da kay yi?"

"Na kare mutuncin kakana."

"Ka sai da ita, Lawali. Kai da bakinka."

Tun kafin ya rufe baki na gane gaskiya ya faɗa.

Ranar gwanjo aka ba ni ɗan allo mai lamba, wanda ake ɗagawa in za a yi tayi. Ɗakin ya cika. A gefe guda an jera tebur, mata huɗu suna zaune kowacce da waya a kunne, su ke yi wa masu kuɗin da ba su zo ba tayi. Mai gwanjon yana tsaye a kan dakali da 'yar gudumarsa, yana sayar da kaya da sauri kamar mai raba goro. Na zauna awa biyu ina addu'a a manta da abin da ya faru jiya.

Da aka zo kan tamu, sai ya ajiye gudumar ya ɗauko wata takarda. An raba ta da mashin nan biyu da kwarin, yanzu ita kaɗai ce. Aka haska rubutun kakana a wani babban allo, kowane harafi ya kai tsawon hannu, abin da aka ɓoye wa 'ya'yan gida ga shi a bango kowa yana kallo. Mai gwanjon ya karanta duk abin da na faɗa jiya, kalma bayan kalma, ya lauye sunan kakana har ban gane shi ba. Ya ce a iya saninsu ba su taɓa riƙe bindigar Afirka mai sunan maƙerinta da garinsa da shekararta ba. Sannan ya buɗe tayi a ninki biyu na kimar da ke cikin littafi.

Na ɗaga allona. Wani mai gemu a gaba ya ɗaga. Na ɗaga. Ɗaya daga cikin matan nan ta ɗaga yatsa ko kallon mu ba ta yi ba. Kafin in ja numfashi uku an wuce gonar Garu. Na ɗaga a kan kuɗin komawata gida. Haruna ya matso kunnena ya ce, "Ƙara, ina da abin da ni aje na aikin Hajji." Na ƙara. Mai gemu ya sauke allonsa, saura ni da matar. Duk sanda na ɗaga, sai ta yi magana a waya, ta ɗan saurara, ta ɗaga yatsa. Ba ta gumi, ba ta haɗiyar yawu. A kasuwarmu in kana ciniki da mutum kana ganin idonsa, ka san inda ƙarfinsa ya tsaya, in ta kama ka ja shi gefe ka ce don Allah bar mini, ta ubana ce. Nan kuwa da waya nake kokawa.

Haruna ya riƙe mini hannu. "Ya ƙare, Lawali. Babu sauran."

Mai gwanjon ya dube ni, ya jira, ya sake duba na. Gudumar ta sauka. Sai ɗakin ya ɗauki tafi. Tafi suka yi, jama'a, kamar an ci ƙwallo.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce da Hausa, da duk ƙarfina, "Kayan sata na! Ta kakana ta! Ɓarayi, ɗiyan ɓarayi!" Ba wanda ya fahimta, sai dai sun fahimci muryar. Ƙarti biyu suka kama ni a ladabce, ɗaya dama ɗaya hagu, suka fitar da ni har bakin titi. Ladabin nan nasu ya fi mari ciwo.

Ina tsaye ina haki sai ga masanin ya biyo mu. Ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, ya ce na yi wa tarihi babban aiki, yanzu sunan kakana zai shiga littattafai. Na ce Haruna ya tambaye shi wa ya saya. Ya ce ba a faɗa. Na ce a wace ƙasa yake. Ba a faɗa. Na ce to a gaya masa akwai makaho ɗan shekara tamanin da ke son ya taɓa ta sau ɗaya, ko da zuwa za a yi da shi. Ya ce in rubuta wasiƙa, za su miƙa. Sannan ya miƙo mini littafin gwanjon da sabuwar takardar gyara a ciki, ya ce kyauta ce. Na bar shi riƙe da abinsa. Wasiƙar kuwa mun rubuta, ni da Haruna, har yau ba amsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban ga fuskar wanda zan tsana ba. Sojan ya mutu, ɗansa ya mutu, mai sayen murya ce a waya. Duk inda na juya da fushina, sai ya dawo kaina.

Haruna ya ɗauki hutun kwana biyu ya raka ni har filin jirgi. Bai ƙara tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ya sayo safa mai kauri ya ce in kai wa Baba saboda sanyin ƙafa. A waya kuwa ban faɗa wa kowa a gida komai ba, cewa kawai na yi ina hanya.

Daga Sakkwato zuwa Illela ina cikin mota ina shirya abin da zan ce. Ina da Alhaji Bala, zan iya jibga masa komai in ce shi ya rage mini ƙarfi. Ina da Turawa da kuɗinsu. Duk gaskiya ne, kuma ba wanda zai ƙaryata ni.

Na iso da hantsi. Baba yana zaune a zauren maƙera inda yake wuni don jin ƙarar masaba. Da ya ji sallamata ya ɗaga hannu, ƙanena ya tsayar da aiki, ya sallami kowa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa gaisuwar ba, sai ya buɗe tafukansa biyu a kan gwiwoyinsa yana jira.

"Baba, ban zo da ita ba."

Hannuwan suka daɗe a buɗe kafin ya rufe su.

"Kuɗi sunka gaza?"

Na ajiye duk abin da na shirya a mota. Na ce, "Da sun isa, Baba. Ni na ɓata. Wani Bature yac ce ba mu iya ƙera bututu ba. Na buɗe tagullar gaban su."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya.  Can ya ce, "Mi yac ce? Sake hwaɗi."

Na sake faɗa.

"Haka wancan sojan yac ce," in ji Baba, a hankali. "Bakin tabkin Kalmalo. Ni ina riƙe mashi tsuntsayen da yah harbe. Kakanka ya ɓoye ta cikin rumbu don kada Turawa su gani, ba wanda yas san tana nan. Ni na sheƙo gida na ɗauko ta, don in nuna mashi mun iya. Ya ce in ba shi aro shi nuna ma kumandan. Ba ƙwace ta anka yi ba, Lawali. Kakanka ya ce a hwaɗi haka don shi ruhe mani asiri."

Na ɗago na dube shi. Raina ya ɓaci, ba zan ce bai ɓaci ba. Shekara arba'in da biyar ina zagin mutum a kan ƙwace, na bar kasuwata, na ci wulaƙanci a ƙasar mutane, gona ta tafi rabi a jirgi da ɗaki da aljihun macuci, kuma da ya faɗa mini wannan tun farko wataƙila da na san abin da zan tsare a jikina. Na buɗe baki zan faɗa masa haka. Sai ya riga ni magana.

"Ka dai riƙe ta?" ya ce.

"Na riƙe ta, Baba."

"To matso. Hwaɗa mani yadda take, tun daga baki."

Na matsa kusa da shi na fara, tun daga bakin bututu, zobe bayan zobe, har zuwa gindin ƙota. Ya tsayar da ni a wuri biyu ya gyara mini, kuma duka biyun shi ne da gaskiya.